Masaukin kwana huɗu

In mutum ya tashi daga Tunuga ya ƙetara iyaka ta Kamba, Argungu ba ta da nisa. Masuntanmu na Dandi sun san hanyar, domin tun kakanni ake ba da labarin gasar kamun kifi ta Matan Fada, wadda aka soma a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyarar zumunci.

Saboda wannan biki aka gina ƙauyen shaƙatawa a gefen gari, da otel da ɗakunan baƙi da rumfunan ƴan kallo. Bayan bikin 2009 kuwa, aka shekara goma ba a kaɗa gangar gasa ba, saboda matsalar tsaro. Wanda ya leƙa wurin a wancan lokaci kufai ya tarar: ƙofofi a garƙame, ciyawa ta cinye farfajiya, ƙadangaru sun gaji ɗakunan da manyan baƙi suka kwana. Ko karramawar da Unesco ta yi wa bikin a 2016, a kan kango ta sauka. Sai a Maris 2020 aka sake shiga ruwa da homa da gora.

A ganinmu, laifin bai tsaya ga tsaro kaɗai ba. Ginin da cinikinsa kwana huɗu ne a shekara, ko lafiya ake zaune, sauran watannin mai gadi ne baƙonsa. Masaukan Gaya ma sun ɗanɗani irin wannan shiru bayan rufe gadar Malanbil a 2023, da direbobin hanyar Kwatano suka daina kwana.