Mu Rubuta Sunayen Zakarunmu

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbin hatsi, na zauna a gindin tsamiya tare da waɗansu tsofaffi uku, a wani ƙauye kusa da Matankari. Hira ta kai mu ga kokowa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, a zamanin samartakarsu an yi wani ɗan kokowa a garin nan, wanda ya yi kaka bakwai ba wanda ya kayar da shi. Na biyu ya ce a'a, kaka biyar ce. Na uku ya ce shi dai abin da ya sani, mutumin ba ɗan garin ba ne, daga wajen Gesheme ya zo. Na tambaye su shekarar da aka yi haka. Suka ce bayan wata yunwa ne, amma suka kāsa daidaitawa a kan ko wace yunwa ce. Har sunan mutumin ma, kowa da wanda ya faɗa.

Babu maƙaryaci a cikin tsofaffin nan. Shekaru ne suka yi yawa, ƙwaƙwalwa kuwa tana gajiya. Amma na tashi daga wurin raina ba daɗi. Ga mutum ya yi bajinta, jama'a sun taru sun gani da idanunsu, an yi masa kiɗa, an yi masa guɗa. Yau ga shi sunansa yana shirin ɓacewa, domin ba wanda ya rubuta.

Saboda haka, ƴan makaranta, ga ra'ayina. Ya kamata kowace makaranta a ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, ta buɗe littafi guda na zakarun wasanni. Ku ne kuma za ku riƙa rubuta shi. Bari in gaya muku dalilina.

Can a ƙasar Girka, tun zamanin da, akwai wani wuri da ake kira Olimpiya. Duk bayan shekara 4 mutane sukan taru a wurin su yi gasa. Masu tarihi sun ce a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai dafa abinci da ake kira Korebos ya tsere wa kowa a gudun da bai kai mita 200 ba. Korebos ba sarki ba ne, ba attajiri ba ne. Amma yau, bayan shekara fiye da 2700, ga mu muna ambaton sunansa a nan Arewa. Me ya sa? Domin Girkawa sun tattara sunayen zakarunsu sun rubuta. Daga sunan wurin nan aka samo sunan wasannin Olamfik, waɗanda aka farfaɗo da su a birnin Atina a 1896, bisa ƙoƙarin wani Bafaranshe, Pierre de Coubertin.

Rubuta suna kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da awo. In na ce muku wane ya yi tsalle mai nisa, wani zai ce ai kakansa ya fi shi. Gardama ba za ta ƙare ba. Amma in an auna, gani ya kori ji.

Ga misali. A 1968, a birnin Meziko, wani ɗan Amurka mai suna Bob Beamon ya yi tsallen nisa. Tsallen ya wuce iyakar na'urar da aka tanada don awo, sai da alƙalan wasa suka ɗauko ma'auni na hannu. Suka samu mita 8 da santimita 90. Ya ɗara wanda ya fi kowa kafin shi da santimita 55. Irin wannan shi ake kira kafa tarihi, wato mutum ya yi abin da ba a taɓa auna kamarsa ba. Aka yi shekara kusan 23 ba wanda ya kamo shi. Sai a 1991, a birnin Tokyo na ƙasar Japan, Mike Powell ya yi mita 8 da santimita 95. Santimita 5 kawai ke tsakaninsu, ko tsawon ɗan yatsan babban mutum bai kai ba. Da ba a auna an rubuta ba, wa zai iya rarrabewa?

Haka abin yake ga gudu. A 2009, a birnin Balin na Jamus, Usain Bolt ɗan ƙasar Jamaika ya yi gudun mita 100 cikin sakan 9 da ɗigo 58. Kafin ka gama gaida malam ka ji lafiyarsa, shi ya isa. Kuma ku lura, masu rubuta irin wannan tarihi ba su yin sakaci. Har iska suke aunawa. In iskar da ke tura mai gudu daga baya ta wuce mita 2 cikin sakan guda, ba a karɓar abin da ya yi a matsayin sabon tarihi, ko da shi ya zo na ɗaya. Wannan ya nuna mana cewa littafin zakaru littafin gaskiya ne, ba na son kai ba.

Rubutun nan ya yi wa Afirka babban amfani. A 1960, a birnin Rum na Italiya, wani sojan Habasha, Abebe Bikila, ya shiga gudun dogon zango na kilomita 42 da mita 195. Ga mai tafiya a ƙasa, wannan tafiyar yini ce cur. Bikila ya gama cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, kuma ba takalmi a ƙafarsa. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik. Da baki kawai aka ba da labarin, da waɗansu sun ce ƙari aka yi. Amma agogo ya shaida, alƙalami ya rubuta. A 1964, a Tokyo, ya sake cin wannan gudu. Yaran Habasha da na Kenya suka ji labari, suka ce abin da ɗan'uwanmu ya yi mu ma za mu iya. Ga su yau suna gaba a gudun dogon zango a duniya.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A 1984, a Los Angeles, Nawal El Moutawakel ta ƙasar Maroko ta ci zinariya a gudun mita 400 mai tsallake shinge. A 1996, a Atlanta, Chioma Ajunwa ta maƙwabciyarmu Nijeriya ta ci zinariya a tsallen nisa, da mita 7 da santimita 12.

To, mu dawo gida. Nijar ta fara shiga wasannin Olamfik a 1964. Isaka Dabore, ɗan damben zamani, ya je a 1964, ya dawo hannu wofi. Ya koma a 1968, haka nan. Bai karai ba. A 1972, a birnin Munik na Jamus, ya ci lambar tagulla, wato matsayi na uku. Ita ce lamba ta farko da ƙasarmu ta samu a Olamfik. Aka yi shekara 44 ana jira. Sai a 2016, a birnin Riyo na Barazil, Abdurrazak Isufu Alfaga ya ci lambar azurfa a takwando, wani wasan faɗa da ƙafa da hannu da ya samo asali daga Koriya. A 2017 kuma ya zama zakaran duniya. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma babban misalina shi ne kokowa, domin ita muka gada. Tun kaka da kakanni, in an gama aikin gona, samari sukan bi gari gari suna karawa a dandali. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya, a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko. Daga ranar aka fara rubutawa. Kowace jaha tana kawo ƴan kokowa 10, ana rubuta wanda ya kara da wane, da wanda ya yi kaye. Shi ya sa sunan Salma Ɗan Rani na jaharmu ta Doso bai ɓace ba, har filin kokowa na birnin Doso yana ɗauke da sunansa. Shi ya sa kuma ba mai gardama cewa Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, shi ma na Doso, ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023.

Yanzu ku tambayi kanku. Kafin 1975 babu ƙarfafa ne a ƙasar nan? Akwai su, da yawa. Mutumin da tsofaffin nan suke gardama a kansa yana cikinsu. Bambancinsa da Kantu ɗaya ne: Kantu ya samu marubuci, shi kuwa bai samu ba.

Na san wani zai ce, “Ai muna da makaɗa da maroƙa, su ne littafinmu.” Gaskiya ne, kuma ina girmama su. Ba don su ba, da ko ɗan abin da muka sani game da mazan jiya ba mu san shi ba. Kirari yana sa tsikar jiki ta tashi, abin da takarda ba za ta iya ba. Amma makaɗi ba ya faɗin shekara. Yakan wasa gwaninsa, ya manta da wanda aka kayar. In kuwa ya rasu ɗansa bai gāji kiɗa ba, waƙar ta bi shi. Ba cewa nake yi alƙalami ya kori ganga ba. Cewa nake yi su taimaki juna. Mu je wurin makaɗin, mu ji abin da ya sani, mu rubuta tun yana raye.

Wani kuma zai ce, “Wasa ai ba karatu ba ne, ɓata takarda ne kawai.” Ban yarda ba. Yaron da ya auna tsalle da igiya, lissafi yake yi. Wanda ya tambayi kakansa shekarar da aka yi wata babbar kokowa, tarihi yake koya. Wanda ya zauna ya tsara labarin da Hausa, sa'an nan ya mai da shi Faransanci, ya yi darasin harshe biyu a zama guda. Banda wannan, yana koyon faɗin gaskiya, ko da abokinsa ne aka tsere wa.

Aikin ba shi da wuya, ba ya kuma bukatar kuɗi masu yawa. Ku nemi littafin rubutu guda mai kauri, ku ba malam ya ajiye. Ku raba shi kashi biyu.

Kashi na farko na mazan jiya ne. Kowane ɗalibi ya tambayi tsofaffin gidansu sunayen ƴan kokowa, da ƴan dambe, da gwanayen langa da na sukuwa da aka yi a garinsu. Ku rubuta sunan zakaran, da garinsa, da kirarinsa, da waɗanda ya kara da su. Ku rubuta kuma wanda ya ba ku labarin. In tsofaffi biyu sun saɓa, kada ku zaɓi maganar da ta fi muku daɗi. Ku rubuta duka biyu.

Kashi na biyu naku ne. Ku sami igiya, ku ƙulla ta a kowace mita. Ku auna fili na mita 60 don gudu, ku haƙa wurin tsalle a cikin rairayi. Ranar gasa, a sa shaidu biyu, malam kuma ya riƙe agogo. A rubuta rana da wata da shekara, da sunan na ɗaya, da na biyu, da na uku. Ƴan mata su sami nasu shafi daidai da na maza. Kada a ƙara ko santimita guda don a faranta wa wani rai. Baɗi, ƙannenku za su buɗe littafin su ga inda kuka tsaya, su yi ƙoƙarin wucewa. In sun wuce ku, kada ku ji haushi. Beamon ma an wuce shi, amma sunansa yana nan.

Ku yi tunani in makarantar Kore Mairuwa, da ta Dumega, da ta Kiyeshe, da ta Ɗan Kasari, kowace tana da irin wannan littafi. In an haɗu a gasar makarantu, za a san wa ya fi gudu a Arewa, a wace shekara, da sakan nawa. Mai neman yaran da zai koyar kuma ya san inda zai dosa. Wataƙila wanda zai kawo wa Nijar lambar zinariya ta farko a Olamfik yana zaune a ajinku yanzu, ko kuwa yarinya ce. Ya kamata a ce tsallensa na fari yana rubuce.

Tsofaffin nan uku na gindin tsamiya ba za su dawwama ba. Irinsu suna nan a kowane gida. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ka matsa kusa da kakanka, ka ce, “Kaka, wa ya fi kowa kokowa a zamaninku?” Ka riƙe alƙalaminka a hannu.

Tambayoyi

1. A kan me tsofaffin nan uku suka yi gardama?
2. Me ya sa har yau ake tunawa da sunan Korebos?
3. Santimita nawa ke tsakanin tsallen Beamon da na Powell?
4. Su wa suka ci wa Nijar lamba a wasannin Olamfik, a waɗanne shekaru?
5. Marubucin ya ce alƙalami da ganga su taimaki juna. Ka yarda da shi? Faɗi dalilinka.

Aiki

Ku fita filin makaranta, ku auna mita 8 da santimita 95 a ƙasa. Kowa ya yi tsalle, a auna, a rubuta. Tsallenka nawa za su kai na Powell guda ɗaya?