Jinin dasashi ciwo ne, kuma kafso ba ya warkar da shi

A zangunanmu, daga Nima zuwa Aboabo, mutum zai goge baki da asuba, ya tofar ya ga jini, ya kurkure ya wuce masallaci. In ka yi masa magana sai ya ce aswakin ne ya yi tauri, ko kuma zafi ne ya yi masa yawa a jiki. Da hannunsa ne ke jini duk sanda ya wanke shi, wallahi ba zai kwana bai ga likita ba. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi. Jinin nan ciwo ne, kuma yadda muke neman maganinsa shi ke jawo mana asarar haƙora tun ba mu tsufa ba.

Ga yadda abin yake. Kullum ƙwayoyin cuta na taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi, su yi wani farin datti mai yauƙi. In ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya fara daskarewa ya zama kanta mai tauri kamar dutse. Jiki kuma ba ya zuba ido, yana tura dakarunsa su yaƙi ƙwayoyin, shi ne dasashi ke kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. A wannan mataki ana warkewa sarai. Amma in yaƙin ya ɗauki shekaru, kumburin da kansa ke cinye naman da ƙashin da suka riƙe haƙori. Dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. A baki mai lafiya zurfin wurin bai wuce milimita 3 ba. In ya zarce haka, buroshi ba ya kai wa ƙasansa. Daga nan sai warin baki, sai ruwan mugunya, sai haƙori ya fara girgiɗi. Mugun abin shi ne yawanci ba ya zafi sai ya yi nisa, kuma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya na da wannan ciwo mai tsanani, wato sama da mutum biliyan 1. To bai kamata kowa ya ji kunya ba. Abin kunya shi ne a gani a yi shiru.

Me muke yi in dasashi ya kumbura? Mu aiki yaro shagon magani ya sayo amoksisilin da Flagyl na kwana biyu, ko mu saya wa mai talla a tashar mota wani ruwa da ya ce yana maganin haƙori da basir gaba ɗaya. Kumburi ya ɗan sauka, mu ce alhamdulillahi. Bayan wata biyu ya dawo. Dalili kuwa ƙwayoyin nan a cikin yauƙinsu suke zaune, manne da kanta, kuma maganin da aka haɗiya ba ya ratsa su yadda ya kamata. Kamar mai fesa turare ne a kwata bai yashe ta ba. Ga kuma wata illar: shan kafso barkatai na koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ciwo babba ya zo sai a rasa abin da zai yi aiki. Masu ɗora asfirin a kan dasashi kuwa ƙona naman kawai suke yi, masu dirzar gawayi kuma suna kankare fatar haƙori.

Maganin gaskiya kashi biyu ne. Na farko aikin likitan haƙori: ya auna ramukan, ya kankare kantar sama da ta ƙarƙashin dasashi da na'urarsa, ya gyara saiwar. In ya ga dama ya ba da ruwan kurkura na kloheksidin na ɗan lokaci, domin yawan amfani da shi na rina haƙori. Kafso sai in shi ya ga akwai bukata, kuma tare da wankin. Na biyu aikinka ne kullum: goga sau biyu a rana, minti biyu, da buroshi mai laushi da man goge baki, kana bin gindin haƙori a hankali, ciki da waje, sannan ka tsabtace tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin da aka yi don haka. In jini ya fito kada ka daina. In ciwon bai yi nisa ba, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai ragu.

Wani zai ce ai mu masu aswaki ne. Gaskiya ne, sunna ce mai girma, kuma aswaki na cire dattin nan in an yi shi daidai. Amma dubi yadda da yawanmu ke yi: a saƙale shi a gefen baki ana hira, a goge haƙoran gaba da mutane ke gani, a bar turame da bayan haƙoran ƙasa inda kanta ta fi taruwa. Kuma ba aswakin da ke ɓamɓare kanta in ta riga ta daskare.

Mutum biyu nake so su fi kowa jin wannan magana. Mai ciwon sukari, domin ciwon biyu na ƙara wa juna ƙarfi: sukari in ya hau dasashi ya lalace, kumburin dasashi kuma ya sa sukari ya ƙi sauka, kuma bincike ya nuna wankin dasashi na taimakawa wajen rage shi. Sai samarinmu masu taba. Hayaƙi na matse jijiyoyin jini, sai dasashi ya ƙi jini alhali ƙashi na tafiya a ɓoye.

Na san batun kuɗi na nan, kuma likitocin haƙori sun fi yawa a manyan birane. Amma akwai sashen haƙori a Korle Bu da Komfo Anokye da asibitin koyarwa na Tamale, da asibitocin gundumomi da dama. A lissafa kuɗin kafson da ake saya shekara da shekaru, da na cire haƙori, da na haƙorin roba, sai a ga wanne ya fi araha.

Mu malamai muna duba farcen yara da safe, me zai hana mu koya musu yadda ake riƙe buroshi da aswaki? Limamai da ke wa'azin tsarki su ƙara minti biyu kan wannan. Ƙungiyoyin matasa da ke shirya gwajin hawan jini da sukari a zango su gayyato likitan haƙori shi ma. Kai kuma ɗan'uwa, in ka tofar gobe ka ga ja, ka nemi likita tun haƙorin na tsaye. Allah ya ba mu lafiya.