Kafin a tura su gidan yari

Da Zamfara ta fara aiki da Shari'a a shekarar 2000, gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ba wasu mata jari domin su bar karuwanci. Wannan hanya ta fi ɗauri amfani.

Yau 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, zawarawa da marayu suna kwarara garuruwa irin su Ƙaura Namoda hannu rabbana. Macen da yunwa ta jefa cikin karuwanci har ta kai ta gaban alƙali, in an ɗaure ta, za ta fito ga tabo, ga rashin abin yi.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba. Muna roƙon alƙalai su riƙa tura waɗannan mata asibiti da wurin koyon sana'a, a kuma tuhumi mazan da ke biyan kuɗin.