Shirin Shiga Makarantar Jinya a Kwatano: Inda 'Ya'yan Zango Ke Makara

Koke biyu ne suka fi yawa a bakin Hausawan Kwatano, na Zango da na tsallaken ruwa a Akpakpa, duk lokacin da zancen asibiti ya taso. Na farko, ba a jin harshensu. Tsohuwa za ta je asibitin Suru-Léré, ko babban asibitin koyarwa na CNHU mai ɗauke da sunan Hubert Maga, ta tarar da Faransanci da Fon da Gun, ita kuwa Hausa take ji sai ɗan Yarabancin kasuwa. Na biyu, magidanta ba sa son namiji ya duba musu iyali, musamman a ɗakin haihuwa. Kowane koke yana da tushe. To amma maganinsu ɗaya ne, kuma yana hannun masu koken: a sami 'ya'yan unguwa, mata da maza, cikin ma'aikatan jinya. Abin takaici, gidaje da dama ba sa tuna wannan hanya sai yarinya ta gama sakandare, alhali ƙofar ta rufe mata tun shekara uku baya.

Dalili kuwa yana cikin tsarin karatun ƙasar. A Jamhuriyar Benin gwamnati na horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi a cibiyar INMeS da ke Kwatano, ƙarƙashin Jami'ar Abomey-Calavi, da kuma cibiyar IFSIO ta Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001. Karatun shekara uku ne bayan takardar BAC, ana kuma shiga ta hanyar jarrabawar gasa, inda ba cin maki kawai ake nema ba, a'a, a wuce sauran abokan takara. Waɗanda suka yi zarra kan sami tallafin gwamnati, wasu kuma su biya daga aljihu. BAC ɗin da ake so na fannin kimiyya ne, wato jerin C ko D, mai lissafi da ilmin halittu da kimiyyar sinadarai. Ana kuwa zaɓen wannan jeri ne bayan jarrabawar BEPC, lokacin da ɗaliba ke shiga shekaru ukun ƙarshe na sakandare. Wadda ta zame zuwa jerin adabi saboda tsoron lissafi, ko saboda nan ƙawayenta suka nufa, ta yanke wa kanta hukunci ba tare da ta sani ba, mahaifinta kuma yana Dantokpa yana ciniki, bai ma san an yi wani zaɓe ba. Ke nan ranar da ta fi muhimmanci a shirin shiga jinya ba ranar gasa ba ce. Ranar cike takardar zaɓen jeri ce.

Sai batun takardu, wanda ba ya buƙatar dogon bayani ko da yake ya kayar da masu hazaƙa. Tun bayan rajistar jama'a ta RAVIP da aka fara a 2017, takardar haihuwa da lambar shaidar mutum suna fitowa ne daga hukumar ANIP. Sunan Bahaushe kuwa yakan sha wahala a alƙalamin Faransanci: Hauwa'u ta zama Awaou a wata takarda, Haoua a wata, Usman ya zama Ousmane. Gyara irin wannan saɓani na cin lokaci, kuma ba a fara shi a makon da za a rufe karɓar takardu. Iyalin da asalinsu Kano ne ko Maraɗi ko Sakkwato, su tabbatar da matsayin takardar zama ɗan ƙasa ta 'yarsu tun tana aji na ƙasa.

Inda zancen ya fi shafar mai nazarin Hausa shi ne harshe. Akwai masu ganin cewa tafinta ya wadatar, jika ko maƙwabci ya raka mara lafiya ya fassara. Wannan ra'ayi bai san yadda Bahaushe ke maganar jikinsa ba. Kalmar "ciki" kaɗai tana nufin tumbi, tana nufin juna biyu. Mai cewa yana fama da "shawara" ba nasiha yake nema ba, idonsa ne ya yi rawaya. Matar da ta ce tana da "sanyi" ba bargo take buƙata ba, kuma ba za ta ƙara kalma ɗaya a kai ba muddin ɗanta ne ke tsaye yana tafinta. "Ina fashin salla" bayani ne cikakke game da al'ada ga wanda ya tashi cikin harshen, ga yaron da ya koyi Hausar titi kuwa, magana ce ta ibada. Haka "jijjiga" a bakin dangin mai ciki: kalma ce da ya kamata ta sa ma'aikaciya ta bar abin da take yi ta ruga, domin tana iya zama alamar hawan jinin da ke kashe uwa da ɗa. Idan ta bi ta bakin tafinta ta fito a matsayin rawar sanyi, an yi asarar mintunan da ba sa dawowa.

Ga kuma kunya, wadda ba ta cikin ƙamus. 'Yar fari na naƙuda, al'ada ta hore ta da ta daure, kada ta yi raki. Ma'aikaciyar da ba ta san wannan ba za ta ga shiru ta ɗauka sauƙi ne. Wadda ta sani za ta duba fuska da gumi da damƙar hannu, ta ce, "Sannu, 'yar'uwa, faɗa mini inda ya fi tsanani." Ita ce kuma za ta iya zama da kaka ta yi mata maganar wankan jego da kunun kanwa cikin ladabi, "Iya, a rage kanwar nan, a sassauta zafin ruwan," ba tare da tsohuwar ta ji an raina abin da ta gada ba. Benin ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2009, amma kyautar ba ta amfanar matar da aka riƙe a gida kwana biyu saboda dangi na tsoron wurin da ba a jin maganarsu.

Sai dai kada a ruɗu. Hausa jari ce a bakin gadon mara lafiya, ba ta cin jarrabawar gasa. Da Faransanci ake tambaya, da shi ake amsawa, da shi ake rubuta rahoton mara lafiya har ranar ritaya. Yaron Zango yakan tashi da harsuna huɗu ko biyar a baki, ga Larabcin makarantar allo, amma rubutaccen Faransanci shi ne wanda ya fi ƙarancin ji a gida. Ɗalibar da ke da wannan buri tana buƙatar karatu na yau da kullum da atisayen rubutu a kan tsofaffin tambayoyi, da wanda zai gyara mata. Tana kuma buƙatar lokaci, kuma nan ne gizo ke saƙar. Yarinyar da ke tashi da asuba ta ɗora sanwa, ta dawo daga makaranta ta tsaya a rumfa har magariba, ba za ta yi gogayya da wadda aka ɗauke wa komai ba. Uwar da ta sauke wa 'yarta aikin gida na shekarar BAC ta biya rabin kuɗin makaranta.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ke jan hankalin iyaye. Ɗaya ita ce 'yan watanni a wani ɗakin shan magani na kuɗi, yarinya ta koyi allura da ɗaura ruwa, unguwa ta fara kiranta nas. Wannan hanya ta mutu ko tana gargara. A 2018 gwamnatin Patrice Talon ta rufe ɗakunan magani marasa izini, ta kuma hana ma'aikatan gwamnati raba ƙafa da asibitocin kuɗi. Wadda ba ta da takardar da hukuma ta sani, ranar da aka sami matsala ita za a fara kamawa. Ɗayar hanyar ita ce tsallaka iyakar Seme zuwa kwalejojin jinya na Nijeriya. Wannan hanya ce ta gaskiya, amma tana da nata sharuɗɗan: sakamako mai kyau a Ingilishi da lissafi da darussan kimiyya uku, sannan lasisin Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Mai niyyar dawowa aiki Kwatano kuma sai an daidaita mata takardarta, ta koma aiki da Faransancin da ta gudu ta bari. A yanke shawarar inda za a zauna kafin a zaɓi inda za a yi karatu.

Masu ƙyamar aikin saboda kwanan dare da cuɗanya, damuwarsu ba abin dariya ba ce, amma lissafinsu bai cika ba. Wanda ya hana 'yarsa karatun ungozoma ya zaɓa wa matarsa hannun baƙo. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta a Madina tana jinyar masu rauni, a can aka kai Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Abin da ya rage shi ne magana ta fili da mai neman aure tun kafin a sa rana: shekara uku ne, akwai zuwa asibiti koyon aiki, akwai kwana.

Arewacin Nijeriya ta gwada wani abu da ya cancanci kwaikwayo. Daga 2012, wani shiri da Birtaniya ta tallafa wa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara, da yardar iyaye da mazaje da masu unguwanni, a ba su shekarar share fage a kimiyya da Ingilishi kafin su nemi shiga makarantun jinya, bisa alkawarin komawa garuruwansu aiki. Zango ba ta buƙatar jiran Turawa kafin ta yi ƙaramin irin wannan. Tana da masallatai masu tara jama'a, tana da 'yan kasuwar da ke kai mutane Makka. Ɗaki ɗaya a Akpakpa, ɗaya a Zango, malamin kimiyya da na Faransanci da za a riƙa biya, da mutum guda mai bin sanarwar Ma'aikatar Ilmi Mai Zurfi yana duba sunayen yara a takardunsu: kuɗin kujerar Hajji ɗaya zai yi nisa a wannan aiki. Ɗaliban da za a fara nema kuwa su ne waɗanda za su zauna jarrabawar BEPC a bana.