Karan Sigari da Hazon Ido a Bakin Iyaka

Idan gani ya fara dushewa ga dattijo a Illo ko Ka'oje, amsar da ake bayarwa guda ce: tsufa ne. Akwai gaskiya a cikinta, domin shekaru su ne babban sanadin yanar ido a ko'ina a duniya. Sai dai amsar tana rufe wata tambaya da ta fi amfani ga iyali: me ya sa yanar ta riski wannan yana ɗan shekara 55, sa'ansa kuwa ya kai 70 yana zura zare a allura? Cikin dalilan da likitoci suka tabbatar akwai guda da ake sayarwa kara-kara a kan teburin mai shayi.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda haske ke ratsawa kafin mutum ya ga abu. Halittarsa abin mamaki ce. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, kuma sinadaran da aka gina tsakiyarsa da su tun mutum yana ciki ba a sake su har ya koma ga Mahaliccinsa. Fata tana saɓa, jini yana sabuntuwa, amma abin da ya lalace a tsakiyar wannan madubi ya lalace ke nan. Hayaƙin sigari yana shigar da gubobi cikin jini, su kai ga ruwan da ke ciyar da madubin, su kuma rage abubuwan da ke kare shi, irin su bitamin C. An samu ƙarfen kadmiyam, wanda ke cikin ganyen taba, ya taru a madubin idon mashaya fiye da na sauran mutane. A hankali garai ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya zama hazo.

Wannan ba zato ba ne. A 1989 aka wallafa binciken da aka yi kan masunta 838 na gaɓar Chesapeake a Amurka, wanda ya nuna cewa yanar tsakiyar madubi tana ƙaruwa gwargwadon yawan sigarin da mutum ya sha a rayuwarsa. Waɗannan masunta dai su ne aka gano a jikinsu, shekara guda kafin nan, cewa daɗewa cikin hasken rana ma yana kawo wani nau'in yanar. Duk wanda ya san yinin Basarke a kan kogin Kwara, rana daga sama, ƙyallin ruwa daga ƙasa, ga kara a baki don kore sanyin asuba, zai ga cewa binciken bai yi nisa da Bagudo ba kamar yadda sunan wurin ya nuna. A 2004 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya yanke cewa hujjoji sun isa a ce shan sigari yana haddasa wannan yana. A 2014 kuma wani bincike kan maza fiye da 44,000 a Suwidin ya nuna cewa mai shan fiye da kara 15 a rana ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kaiwa ga tiyatar yana da kashi 42 cikin ɗari. Wanda ya daina, haɗarinsa yana sauka, amma da nawa: bayan shekara 20 da dainawa, ragowar kashi 21 tana nan.

Adalci ya sa a faɗi iyakar wannan hujja. Mata a Nijeriya ba su cika shan sigari ba. Ƙidayar 2012 ta samu ƙasa da mace ɗaya cikin ɗari, maza kuwa kimanin bakwai. Duk da haka yana ba ta ƙyale su ba, ga shekaru, ga ciwon suga, ga hayaƙin murhu da suke shaƙa kullum. Ko da an rufe duk kamfanonin taba gobe, asibitin ido ba zai rasa layi ba. Abin da ya bambanta sigari shi ne, cikin dukkan waɗannan dalilai, ita ce mutum ke cire kuɗi daga aljihunsa ya saya.

A nan ne zaman Bagudo a bakin iyaka ya shigo. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana, daga Lolo kuma ana gangarawa Malanbil, kasuwar da ta haɗa fataken Binin da Nijar da Nijeriya. Kaya suna ƙetarawa ta mashiga da ta bayan fage, kuma rufe iyakokin da aka yi a Agustan 2019 bai kashe wannan zirga-zirga ba. Kwalin sigari ba shi da nauyin buhun shinkafa, ba shi da warin jarkar fetur, yana shiga ƙarƙashin sirdin babur. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, sannan daga 2021 aka wajabta hoton gargaɗi a fuskar kwali. Duk wannan tanadi an gina shi ne a kan zaton cewa mai saye zai riƙe kwali a hannunsa ya duba. Ɗan kabu-kabun da ya tsaya ya karɓi kara biyu bai ga kwali ba. Idan ma ya gani, rubutun Turanci ne, ko Faransanci idan daga ƙetare ya fito, a yankin da ake ciniki da Hausa da Dandanci da Fulatanci.

Har ila yau, abin da gargaɗin ya saba faɗa bai cika ratsa zuciyar saurayi ba. Sankarar huhu cuta ce da mutanen karkara ba su cika jin an ambaci sunanta a kan mamaci ba. A ce ya yi tari, ya rame, wa'adi ya yi. Makanta kuwa kowa ya san ta da ido. An san dattijon da ya bar zuwa gona, an san yaron da aka cire daga makaranta don ya yi masa jagora. Ostireliya ta fahimci haka, ta sa gargaɗin makanta a kwalayenta, Tarayyar Turai ma ta bi sahu. Babu abin da ya hana a faɗi wannan magana da Hausa a gidan rediyon jiha, ko a bakin ma'aikacin lafiya a matakin farko.

Mai cewa ai yana tana da magani ya faɗi gaskiya, tiyatar ma ba ta kai awa guda ba. Amma binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na makantar 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, wato maganin yana nan, isa gare shi ne aiki. Binciken ya kuma gano cewa fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, waɗanda ke tura madubin da tsinke ya faɗa cikin ido, kuma yawancin waɗannan idanu ba su dawo da gani mai amfani ba. Mutumin ƙauyen Bagudo da ke son tiyatar asibiti sai ya jira ayarin aikin ido kyauta, ko ya haɗa kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, shi da mai rakiya, da guzurin kwanaki.

Irin waɗannan ayari su ne wurin da ya fi dacewa a fara. A ranar aikin ido, kowane majiyyaci yakan zo da ɗa ko ƙane ko jika, su zauna sa'o'i a ƙarƙashin rumfa suna jiran a fito da shi da auduga a fuska. Masu rakiyar nan su ne 'yan shekara 25 zuwa 40 da madubin idonsu bai riga ya dushe ba, kuma a ranar babu abin da ke ransu sai maganar gani. Tambayar ko mutum yana shan sigari ba ta buƙatar na'ura ko kasafin kuɗi, layi ɗaya ce a katin asibiti da minti biyu na bayani, ga wanda aka yi wa aiki saboda ɗaya idon da ya rage masa, da kuma ga wanda ya riƙo hannunsa.