Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga 'Yan Majalisar Tarayya Kan Samamen Gidajen Jama'a

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai,

Na rubuto ne kan wata magana wadda babban gyaranta yana hannunku, ba a hannun gwamna ko kwamishinan 'yan sanda ba. Ina nufin yadda jami'an tsaro ke faɗa wa mutane gida da sunan bincike ba tare da takardar izinin kotu ba, su gama abin da za su yi, su fice, babu mai ce musu don me.

Ba rashin doka ne ya kawo haka ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba da tabbacin kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta fayyace yadda ake binciken gida: alƙali ko majistare ne zai sa hannu a takarda bayan an kawo masa bayani bisa rantsuwa, a yi binciken a gaban shaidu biyu, a rubuta duk abin da aka ɗauka, a sa hannu, a ba mai gida kwafi. Har ma ta ce in akwai matar da al'ada ko addini bai sa ta fita cikin maza ba, a sanar da ita, a ba ta damar kaucewa kafin a shiga. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa, domin tsohuwar dokar CPC ta 1960 tana ɗauke da irinsa. Waɗanda suka rubuta shi sun san gidan Bahaushe, sun san dalilin zaure, sun san cewa ko ƙanin mai gida ba ya zarcewa ciki sai ya yi sallama an amsa.

To ga yadda abin yake a unguwa. Wajen ƙarfe biyun dare mota za ta tsaya can nesa da ƙofa. Wani ya haura katanga ya zare sakata, sauran su biyo. Mai gida ya fito da gajeren wando, hasken tocila a idonsa, in ya ce "Lafiya?" a ce ya kwanta a ƙasa. Matarsa na laluben mayafi, an riga an ɗaga labulen ɗakinta. A ɗage katifa, a zazzage akwati, a buɗe kwanukan jere ɗaya bayan ɗaya, a tattara wayoyin gidan kaf har da ta yara. In wanda ake nema ba ya nan, a tafi da ƙaninsa ko mahaifinsa, a ce in ya kawo kansa za a sake su, alhali sashe na 7 na ACJA ya haramta kama wani a madadin wani. Da gari ya waye mai unguwa zai ji labari a bakin masallaci kamar kowa. Ba a nuna takarda ba, ba a rubuta abin da aka ɗauka ba, sau da yawa ma gidan ba su san wace hukuma ce ta zo ba, sai su wuni suna zagaya caji ofis suna tambaya. Maƙwabta kuwa su zo jaje, su ce a yi haƙuri, a bar wa Allah, ai ba a ja da hukuma.

Me ya sa jami'i zai tsallake ƙa'idar da ya sani sarai? Domin tsallakewar ba ta rage masa komai a kotu. A shari'ar Musa Sadau ta 1968 Kotun Ƙoli ta ce kuskure wajen bincike ba ya hana karɓar abin da aka samo, muddin yana da alaƙa da tuhumar. Da aka zo Dokar Shaida ta 2011, sashe na 14 ya ɗora a kan haka: shaidar da aka samo ta hanyar karya doka karɓaɓɓiya ce, sai fa in alƙali ya auna ya ga illar karɓarta ta fi amfaninta. Wato asali shi ne a karɓa, ƙi shi ne togiya. Wannan tamkar mahaifi ne ya hana ɗansa tsinkar mangwaron maƙwabci, amma kullum yaron ya tsinko sai ya karɓa ya sha. Yaro ba wawa ba ne, ya san wace magana ce ta gaskiya.

Nan ne nake roƙonku ku sa hannu, tunda dokar shaida tana cikin abubuwan da Kundin Tsarin Mulki ya keɓe wa Majalisar Tarayya ita kaɗai. A juya wancan sashe na 14 a kan abin da ya shafi gida. Duk abin da aka fitar daga gidan mutum ba da izinin kotu ba, asali ya zama kotu ba ta karɓarsa, mai gabatar da ƙara ne zai tashi ya gamsar da alƙali cewa akwai larurar da ta hana neman izini. Ranar da mai bincike ya ga shari'ar da ya yi wata uku yana wahala a kanta ta rushe saboda ya yi ƙyuyar zuwa gaban majistare, ba sai an sake kai shi wani kwas ba.

Sai maganar dare. Tsohuwar dokar CPA da aka yi aiki da ita a Kudu ta ƙayyade cewa ana zartar da takardar bincike tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 8 na dare, sai in majistare ya rubuta akasin haka. ACJA ta zo a sashe na 148 ta ce kowane lokaci, kowace rana. A ganina an ci baya a nan. A ƙasar da ɓarayin mutane ke sa kakin soja, wanda aka ɓalle wa ƙofa da tsakar dare ba shi da hanyar gane hukuma ce ko 'yan fashi, kuma in ya ɗauki gora ko adda, shi za a kwasa, a ce ya yi yunƙurin faɗa da jami'ai. Hukumar EFCC kanta ta gane haka a watan Nuwamba na 2023, lokacin da jami'anta suka kwashe ɗalibai kusan 70 na Jami'ar Obafemi Awolowo daga makwancinsu a Ile-Ife cikin dare. Da ƙorafi ya yi yawa, shugabanta Ola Olukoyede ya hana samamen dare. Ya kyauta, amma umarnin shugaba ne, wanda ya gaje shi zai iya soke shi da takarda ɗaya. Ku mayar da shi doka.

Kada kuma a ɗauka samun takarda kaɗai ya wadatar. A watan Satumba na 2018 'yan sanda suka binciki gidan marigayi Edwin Clark a Asokoro suna neman makamai bisa maganar wani mai tsegumi, ba su sami komai ba. Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya ce ba da saninsa ba ne, aka tura manyan jami'ai ba da haƙuri, aka kori uku daga aiki. Ranar 29 ga Oktoba, 2021 kuma aka yi wa gidan Mai Shari'a Mary Odili ta Kotun Ƙoli ƙawanya a Maitama da takardar da wani majistare ya sa wa hannu, daga baya shi da kansa ya janye ta, ya ce yaudararsa aka yi. In har za a iya samo takarda a kan gidan alƙaliyar Kotun Ƙoli da bayanin da ba a tantance ba, me zai hana a samo ta a kan gidan mai shayi a Kurna? Bambancin kawai shi ne shi mai shayi ba za a tura kowa ya ba shi haƙuri ba. Don haka jami'in da ya nemi takarda ya rantse da sunansa da lambarsa, ya faɗi gidan da abin da yake nema ƙarara, in ta bayyana ƙarya ya shirga, a hukunta shi a kan rantsuwar.

Na san abin da wasunku za su ce, musamman masu wakiltar Zamfara da Katsina da Borno: ana garkuwa da mutane, ana ɓoye bindigogi a cikin gari, wa ke da lokacin neman majistare? Magana ce mai nauyi. Sai dai doka ta riga ta buɗe wannan ƙofar, domin sashe na 12 na ACJA ya yarda a bi wanda ake nema cikin gidan da ya shige, a fasa ƙofa in an hana shiga. Babu mai hankalin da zai ce a tsaya jiran takarda ana jin ihun wanda aka sace a bayan katanga. Abin da ya rage shi ne wanda ya shiga da hujjar gaggawa ya rubuta dalilinsa ya kai gaban majistare cikin kwana ɗaya ko biyu. Sashe na 34 na ACJA ya riga ya wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda duk wata, sai a ƙara masa da duba littafin samame. Kuma duk wanda ya san ƙauye ya san cewa gidan da aka wulaƙanta bana, ba zai kai wa jami'i rahoton ɓarayi baɗi ba.

Akwai kuma gona da lambu da ruga, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Hatta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamna, da ta ba shi ikon tura jami'i ya duba filin da ke da takardar mallaka, sai ta ce da rana, a lokacin da ya dace. Manomi a rumbu yake ajiye abincin shekararsa, Bafillace kuma bukkarsa ita ce ɗakin matarsa, ko da babu katanga babu ƙyaure. A rubuta a fili cewa kariyar gida ta haɗa da waɗannan, kuma ta hau kan duk mai aiki da sunan gwamnati, kwastam ne, Hisba ce ko 'yan sa-kai. Addinin da yawancinmu a nan muke bi ma ya riga mu, domin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane.

Jihohi irin su Kaduna a 2017 da Kano a 2019 daga ACJA suka ɗebo tasu dokar, saboda haka abin da kuka gyara a Abuja shi za su biyo. In kun tashi jin ra'ayin jama'a a kan gyaran, kada ku tsaya a zauren majalisa da lauyoyi da manyan jami'ai. Ku zo Kano da Gusau da Maiduguri, ku gayyaci masu unguwanni, ku ware zama daban na mata, domin su ne aka fi shiga wa ɗaki, kuma ba za su faɗi abin da ya faru a gaban maza ba.

Wassalam.

Naku, ɗan ƙasa daga Kano.