Yadda dam ɗin Goronyo ya lanƙwashe a wayata



A hutun da ya wuce na je dam ɗin Goronyo da niyyar in ɗauko shi a hoto ɗaya. Wanda ya san wurin zai yi mini dariya. Dam ne da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, tsawonsa ya haura kilomita 12. Na buɗe Panorama a wayata, na ɗan ɗaga ta don gajimare su shigo, na zagaya da hannu. Da na duba, sai ga ruwan ya yi tozo kamar bayan raƙumi.

Ashe matsalar ta girmi waya. A 1904 aka yi rajistar wata kyamara a Amurka mai suna Cirkut, wadda daga baya kamfanin Kodak ya riƙa sayarwa. Ana kafa ta a kan ƙafafu uku, a yi mata wani kamar agogon da, sai ta riƙa juyawa a hankali. Fim yana tafiya a cikinta ta bayan wata siririyar tsaga, hoton yana shiga kaɗan-kaɗan, daga wannan gefe zuwa wancan. Da ita ake ɗaukar taron sojoji ko ɗaliban makaranta guda. Har ma akan sami ɗan ƙiriniya da zai tsaya a farkon layi, kyamara na wuce shi ya zaga ta baya da gudu, ya fito sau biyu a hoto ɗaya. (Ban ce ku gwada ranar hoton aji ba.)

Sharaɗin irin wannan kyamara shi ne ta zauna daidai, ba karkata. Ku ɗauki faifai ku karkata shi ku juya: gefe ɗaya zai yi sama, ɗaya ya yi ƙasa. Haka idon kyamarar yake yi, shi ya sa layin da sama ta haɗu da ƙasa yake lanƙwashewa. To, in ba a yarda ka ɗaga kanta ba, yaya za ka sami saman hasumiyar masallaci ko kan giginya?

Nan masu sana'ar suka yi dabara. Akwai gilashin kyamara da ake iya zamar da shi sama ko ƙasa da 'yan milimita, jikin kyamarar na nan a miƙe. Gilashin yana jefa hoto mai faɗi fiye da abin da fim ke kamawa, don haka in ka tura shi sama sai fim ya kama ɓangaren da ke da sama, ya bar yashin da ke gabanka. Layin ruwa ba ya motsi daga miƙewarsa.

Wayoyinmu ba su da wannan gilashi, amma akwai mafita. Riƙe wayar a tsaye, kada ka karkata ta, ka matsa baya har abin da kake so ya shigo, daga baya ka yanke ƙasan hoton. Gwiwar hannunka ta manne da jiki, wayar ta juya a wuri ɗaya, kana bin kibiyar da ke kan allo a hankali.

'Yan SS3, ku ne na fi yi wa wannan magana, domin hoton rabuwa ba a maimaita shi. Kada ku jeru a miƙe, na tsakiya za su kumbura, na gefe su ƙanƙance. Ku yi rabin da'ira, kowa nisansa ɗaya da mai waya, kuma kowa ya tsaya cak har a gama. Ku fara gwaji a gonakin shinkafar Wurno ko kasuwar Rabah, amma ku nemi izinin mutane kafin ku juyo da waya kansu. A dam ma ku tambayi masu gadi tukuna.

Ni dai zan koma Goronyo bayan damina, lokacin da ruwa ya cika.